Saƙonnin da Baba Bai Rubuta Ba

Bayan Baba ya yi ritaya daga aikin binciken noma, abu biyu ne ya hana kowa taɓa masa a gidansa na Samaru: 'yar gonar da ya kewaye a bayan gida, inda yake gwada irin dawa, da tsohuwar kwamfutarsa ta tebur da ke kuryar falo. Kwamfutar ta girmi 'yata ta fari. In an kunna ta sai ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe kafin ta farka. Mun sha saya masa waya mai kyau don ya riƙa duba saƙonninsa a ciki, ya ce shi ba ya rubuta wasiƙa da babban yatsa.

Kullum in ya karya kumallo sai ya zauna gabanta, ya buɗe manhajar imel ɗinsa, ya yi ta ƙwanƙwasa madannai da yatsa biyu. Tsofaffin ɗalibansa yake rubuta wa, da abokan aikinsa da suka watsu a duniya, da 'yan uwa. Tun rasuwar mahaifiyarmu wannan ce hirarsa. Ni ina koyarwa a wata sakandare, gidana kuma ba nisa da nasa, don haka duk abin da ya lalace ni ake kira.

Wata Asabar da hantsi ya bugo mini waya.

"Uwata, in kin sami sarari ki leƙo. Abin nan ya ƙi ni."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Na same shi zaune ya zuba wa allon ido. Wani ɗan akwati ne ke ta fitowa yana neman kalmar sirri. In ya rubuta sai akwatin ya ɓace, jim kaɗan ya dawo. Na ce ya matsa in gwada. Na rubuta a hankali, harafi bayan harafi, ya ƙi. Na duba ko an danne maɓallin manyan baƙaƙe, ba a danne ba. Na zare modem na mayar, na duba ko data ce ta ƙare, akwai ta. Na kashe kwamfutar na kunna, muka zauna muna sauraron gurnaninta. Can na lura agogonta ya koma wata shekara da ta daɗe da wucewa. Na gyara kwanan watan, na sake buɗe manhajar. Baba ya gaji, ya ce bari ya je ya duba dawarsa.

Fitarsa ke da wuya manhajar ta haɗu, saƙonni suka fara zubowa. Ba su da iyaka. Yawancinsu irin waɗanda ke dawowa ne in an aika wa adireshin da ya mutu. Na yi mamaki, domin Baba ba ya aika saƙo barkatai. Na buɗe ɗaya don in ga abin da ya dawo.

Tallar maganin ƙarfin maza ce, da sunan Baba da muƙaminsa a ƙasa, kamar yadda yake rufe kowace wasiƙarsa. A tsakiya kuma ga hotuna. Ba zan faɗi abin da ke cikinsu ba. Na haifi 'ya'ya, na yi jinyar marasa lafiya, ban ɗauka akwai sauran abin da zai tayar mini da zuciya haka ba. Na rufe da sauri, na buɗe wani, shi ma haka, sai dai hotunan sun fi na farko ƙazanta. A tsakanin waɗanda suka dawo akwai amsoshin mutane. Wani tsohon ɗalibinsa ya rubuto cikin ladabi cewa Malam ya binciki akwatin imel ɗinsa. Wani surukinmu kuwa layi ɗaya ya rubuto, ya ce bai zaci haka ba.

Da na ji motsin takalmin Baba sai na kashe allon.

"Ya yi?"

"Ya yi, Baba. Amma akwai matsala. Wani ya shiga akwatinka yana aika abin banza da sunanka."

"Wane irin abin banza?"

Na sunkuyar da kai. Yaya 'ya za ta faɗa wa ubanta wannan? Sai ya ɗauko tabarau, ya kunna allon da kansa. Na tashi na tsaya a bakin ƙofa na juya masa baya. Bai daɗe ba na ji ya kashe.

"Su wa aka aika wa?"

"Ina jin duk wanda ke cikin akwatin."

Na san lissafin da yake yi, don ni ma shi nake yi. Akwai ɗalibansa mata da yanzu suke da jikoki. Akwai limamin masallacin unguwa, wanda Baba ke tura wa sanarwar kwamitin masallacin. Akwai 'yata, jikarsa, da ke karatu a jami'a. Ya tashi ya ɗauki buta ya fita, alhali lokacin salla bai yi ba.

Maƙwabcinsa ne ya ba ni labarin wani mai gyara a jerin shagunan bakin titi, ya ce duk Samaru babu kamarsa. Ran Litinin bayan an tashi makaranta na sa kwamfutar a bayan mota na kai masa. Shagon ɗan ƙarami ne, cike da gawarwakin kwamfutoci har rufi. Na tarar da shi yana cin shinkafa da wake a leda. Bai wanke hannu ba, ya goge a wando, ya jawo kwamfutar ya kwance murfinta. Kyankyasai suka watso, manya da 'ya'yansu, wasu suka bi ta kan teburin suka nufi ledar abincin. Ya kaɗe su da bayan hannu, ya kai loma.

"Ai gidansu ne, Hajiya. Ɗumi suke bi."

Na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce saƙonnin da ke cikin manhajar nan na shekaru masu yawa ne, kada ya goge ko ɗaya. Ya ce in kwantar da hankalina. Ya haɗa wayoyi, ya buɗe manhajar, ya shiga saƙonnin da suka dawo. Na zaci zai duba ɗaya ya wuce. Sai na ga ya gyara zama. Yana buɗewa yana ƙara girman hoton, maiƙon yatsunsa na bin linzamin kwamfutar Baba. Ya leƙa waje ya kira mai shagon kusa da shi, wani mai sayar da caja, ya ce ya zo ya ga abu. Suka haɗa kai a gaban allon, ina tsaye.

"Ashe tsohon da sauransa," in ji mai cajar.

Suka yi dariya. Na ce, "Malam, mahaifina ne. Gyara na kawo, ba kallo ba."

"Yi haƙuri, Hajiya, ai sai mun ga cutar za mu san maganinta. Bairos ne. Ki dawo gobe."

Har yau ina jin haushin ƙafafuna da suka fita daga shagon nan suka bar kwamfutar. Amma a lokacin so nake kawai in shaƙi iskar waje.

Washegari ya tarbe ni da fara'a. Ya goge jikin kwamfutar har tana ƙyalli. Ya kunna, ta tashi da sauri ba gurnani.

"Na wanke ta tas. Fomatin na yi mata, na zuba sabon komai. Yanzu ko bairos ɗin uban wa ya zo sai ya koma."

Na buɗe manhajar imel. Fari fat, kamar sabon faranti.

"Ina saƙonnin?"

"Suna intanet. Da kin sa kalmar sirri za su sauko."

Na sa, ta ƙi karɓa. Ya ce matsalar sabis ce, in na je gida za ta yi. A gida ma ba ta yi ba. Da la'asar ɗin ranar kuma 'yata ta bugo daga makaranta, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce jiya da dare wani saƙon ya sake shigo mata daga Kaka. Wato kwamfutar tana kashe a shagon mutumin nan, ƙazantar kuma tana ci gaba da fita.

A nan ne na tuna da wata ƙawata da muka yi sakandare tare. Iyayenta mutanen kudu ne, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta tsofaffin cikin birni. Tana da shagon gyaran kwamfuta da buga takardu ta wajen Chikaji. Rabona da ita tun bikin ƙanwarta. Na kai mata kwamfutar, muka gaisa, na ba ta labari tun daga farko. Ba ta nemi ganin hoton ko ɗaya ba.

Ta ce, "Ƙawata, cutar ba a cikin kwamfutar take ba. Wani ne ya sami kalmar sirrin Baba, yana shiga daga inda yake, yanzu ma ya canza ta. Ɓarawo ya saci makullin gida, mutumin naki kuma ya kwashe kayan ɗaki ya ƙona."

"To saƙonnin fa? Ya ce suna intanet."

Ta duba ta girgiza kai. Ta ce yadda aka saita tsohuwar manhajar, duk saƙon da ta sauko da shi sai ta share shi daga can, ya zauna a cikin kwamfutar kaɗai. Abin da mutumin ya goge shi ne kwafi ɗaya tilo. Ta ce za ta gwada tono abin da ya rage, amma tunda ya zuba sababbin abubuwa a kai, kada in sa rai. Sannan ta ce sai na kawo Baba da wayarsa, domin ta lambarsa ce za a karɓo akwatin.

Baba bai so zuwa ba. Tun ranar Asabar ɗin bai fita ba sai masallaci, can ma sai an tayar da salla yake shiga, ana sallamewa ya fito. Da kyar ya yarda. Muka ratsa cunkoson kasuwar Sabon Gari, masu adaidaita suna ta cusa kai, har muka isa. Ƙawata ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi kujerarta. Aka turo lamba ta wayarsa, aka buɗe akwatin, ta sa ya zaɓi sabuwar kalmar sirri, ta kau da kai lokacin da yake rubutawa. Daga nan ta shiga saituna ta nuna mana abin da ɓarawon ya yi. Ya sa duk saƙon da ya shigo wa Baba a tura masa kwafi, ya kuma ƙara wani adireshi nasa don ya iya dawowa in an kore shi. Ta cire su duka. Ta saita manhajar yadda saƙo zai riƙa zama a can ko da an sauko da shi.

Sannan ta ce, "Baba, don Allah ka tuna. Kwanan nan ka rubuta kalmar sirrinka a wani wuri da ba ka saba ba?"

Ya dubi hularsa da ya ɗora a gwiwa.

"Na rubuta."

Ya ce saƙo ne ya zo masa daga adireshin amininsa, wanda suka yi aiki ofis ɗaya tun suna samari. Mutumin kudu ne, Kirista, gidansa na nan Sabon Gari, kuma ya rasu bara. Baba yana cikin waɗanda suka raka shi makwancinsa. Saƙon ya ce ga tsofaffin hotunanmu, danna nan ka gani. Baba ya ɗauka ɗaya daga cikin 'ya'yan marigayin ne ya buɗe akwatin uban yana raba wa abokansa hotuna. Ya danna, aka nemi kalmar sirri, ya rubuta. Hoto bai fito ba. Ya sake rubutawa.

"So nake in ga fuskarsa," in ji shi.

Ƙawata ta tashi ta ce bari ta kawo ruwa. Ni kuwa abin da na ji ya fi na ranar hotunan. Wani yana zaune a wani wuri, ya sa rigar mamaci ya ƙwanƙwasa wa tsoho ƙofa, don kawai ya sayar da maganin ƙarya.

Tonon da ta yi bai fito da abin kirki ba. An sami guntattakin wasiƙu, rabi rubutu rabi tarkacen alamomi. Wata ta fara da gaisuwa ta yanke a tsakiyar jimla. Wasiƙun da Baba ya yi ta musaya da mahaifiyarmu lokacin da ya je wani kwas a waje, ko ɗaya ba ta dawo ba. Na so in koma shagon Samaru in yi wa mutumin nan tas, Baba ya hana. Ya ce in na je, labarin hotunan zai sake bayarwa, wannan karon da sunan gidanmu.

A gida ya sa na zauna na rubuta saƙo ɗaya zuwa ga kowa, yana faɗa ina bugawa. Gajere ne. Ya ce an sace akwatinsa, abin da aka aika ba daga gare shi ba ne, yana neman afuwar duk wanda idonsa ya gani. Amsoshi suka zo da yawa, galibi na jaje. Liman ya zo har gida ya ce shi bai ma buɗe ba. Surukin nan namu bai amsa ba, kuma da muka haɗu a wani suna sai ya yi kamar babu abin da ya taɓa faruwa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani abokin aikin Baba ne, dattijo mai furfura, wanda tun ina yarinya nake durƙusa masa. Ya zo jaje, ya zauna ya yi ta tsine wa zamani da 'ya'yan zamani, har Baba ya ɗan sake. Da zai tafi na raka shi bakin mota. Ya waiga ya ga Baba bai biyo mu ba, sai ya rage murya.

"'Yata, wannan maganin da aka ce, ke da kika duba, akwai lambar waya a jiki?"

Na dube shi. Bai ko sunkuyar da kai ba.

"An goge, Baba," na ce.

"To, to. Dama wani ne ya tambaye ni."

Na koma ciki na ɗauke kofin da ya sha shayi, na wanke shi da omo har sau nawa ban sani ba. Ban gaya wa Baba ba.

Mutum ɗaya ce Baba ya ce saƙo bai isa ba, sai ya je da ƙafarsa: matar marigayi amininsa. Adireshinta na cikin akwatin, don haka ita ma an aika mata. Ran Lahadi da yamma, bayan ta dawo daga coci, na kai shi gidanta a Sabon Gari. Tsohon gida ne mai baranda, da bishiyar gwaba a tsakar gida. Ta fito tana ɗingishi saboda ciwon gwiwa, ta ce mini 'yarta, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ta kawo mana lemo da cincin.

Baba ya fara ba ta haƙuri. Ta ɗaga hannu.

"Malam, bar shi. Na gani, na share. Shekara nawa kana shiga gidan nan? Ko a mafarki aka ce mini kai ne ba zan yarda ba."

Sai Baba ya gaya mata ta inda abin ya shigo. Na zaci za ta firgita. Ta miƙa hannu kawai ta ɗauko wayarta a kan tebur, ta lalubo, ta miƙo mini.

"Duba, 'yata."

Saƙonni ne jere daga adireshin mijinta. Na baya-bayan nan bai fi kwana biyu ba. Yana kiranta masoyiya da Turanci, yana cewa yana cikin matsala a wata ƙasa, ta taimaka masa da gaggawa.

"Tun bayan wata biyu da binne shi suke zuwa," in ji ta. "Na farkon, a kicin nake, sai da na zauna a ƙasa."

Na ce, "Mama, ai ana iya toshe shi, ba za ki ƙara gani ba. Yanzu ma zan yi miki."

"Yarana sun ce haka. Sun so su rufe akwatin gaba ɗaya, aka ce sai da lambar wayarsa. Layin kuma ya mutu, an ba wani. Mun kira, wani mutum ya ɗauka ya zage mu."

"To bari in toshe miki a wayarki."

Ta karɓi wayar daga hannuna ta kife ta a cinya.

"Bar shi tukuna. Na san ba shi ba ne. Ba na buɗewa. Sunan kawai nake gani ya fito."

Baba ya kau da kai yana kallon gwabar. Suka koma hirar ciwon gwiwa, da wani mai magani da aka ce yana unguwar Jama'a, da yadda ruwan bana ya yi wa masara. Ana kiran magariba muka yi mata sallama, ta rako mu har bakin ƙofa tana dafa bango.

A mota, mun kusa fita Sabon Gari, Baba ya ce gobe in na taso daga makaranta in biya in nuna masa yadda ake gane saƙon ƙarya. Na ce to. Ya ce in taho da maganin kyankyasan da na ce suna cikin kwamfutar.